Azara Ta Lotsa: Nazari a kan Mai-Wa'azi 10:18

Karatu: Mai-Wa'azi 10:16-18, 2 Sarakuna 12:4-15, 2 Tarihi 34:8-13.

Shugaban aji ya sa a karanta wuraren nan uku da murya kafin a fara, kowa da littafinsa a buɗe. Waɗanda ke riƙe da wani juyi na Littafi Mai Tsarki za su tarar an kira littafin farko Mai Hadishi. Shi ne dai Mai-Wa'azi. Ayar da za mu tsaya a kanta ita ce ta 18. Gajeriya ce ƙwarai, har mai karatu ya kan wuce ta bai kula ba. Tana magana a kan abin da ragwanci ke jawo wa itacen rufin ɗaki, da yadda ruwan sama ke samun hanya a gidan da masu shi suka saki hannu. Ba ta ambaci sunan Allah ba, ba ta ambaci hadaya ko addu'a ba. Duk da haka Ruhu Mai Tsarki ya ga ya kamata a ajiye mana ita, mu kuwa ba mu da ikon cewa ta yi ƙanƙanta.

Mu da ke zaune a Maiduguri ba mu bukatar a kawo mana mai fassara daga nesa kafin mu gane ta. Rufin ɗakin talaka a ƙasar Yahudiya kusan ɗaya ne da rufin soro na ƙasar nan. A kan gitta itace daga bango zuwa bango, a shimfiɗa rassa da kara a kai, sa'an nan a zuba ƙasa a daddaɓe. Mutanen can su kan ajiye wani dutse mai mulmulawa a kan rufi, su bi da shi bayan ruwa domin su toshe tsaguwa. Saboda haka ne mutanen nan huɗu na Kafarnahum suka iya buɗe rufi suka zura shanyayye a gaban Yesu, kamar yadda Markus ya ba da labari a sura ta 2. Kalmar da Markus ya mora da Helenanci ma'anarta tonawa ce, irin yadda a ke tonon ƙasa. Yaron da ya taɓa hawa soro da kwandon ƙasa a ka ya riga ya san abin da suka tona.

Yadda azara ke lotsawa

Bari mu fara da ginin kansa, gama wanda bai san yadda rufi ke faɗuwa ba, ba zai ji nauyin ayar ba.

Magina na ƙasar Hausa da na Borno sun daɗe da sanin darajar azara, watau gangar giginya da aka tsaga. Suna zaɓen ta domin tana da tauri, gara kuma ba ta cika cin ta ba. Amma azara tana da iyaka. Idan za ta ɗauki ƙasar rufi ba tare da wani abin tallafi ba, ba a so tazarar da ke tsakanin bango da bango ta wuce kamar ƙafa 6. Wanda ya ke son ɗaki mai faɗi sai ya nemi dabara: ko ya kafa ginshiƙi a tsakiya, ko ya gitta azara a kusurwoyi, ko ya jera gajerun azara suna fitowa daga bango ɗaya bisa ɗaya har tazarar ta ragu, ko kuwa ya ɗaura baka. Daga nan ne aka sami bakan gizo da ɗaurin guga. Babban Gwani ya kai wannan sana'a maƙurarta a Masallacin Jumma'a na Zariya, a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Majami'ar Wusasa kuma, wadda aka gina da ƙasa a 1929, ta fito daga hannun magina masu wannan ilimi. Ba mu da abin koya wa irin waɗannan mutane a kan gini. Su ne ke koya mana.

Dalilin wannan iyaka shi ne, itacen da aka gitta aka ɗora masa kaya, samansa matsuwa ya ke yi, ƙasansa kuwa miƙewa ya ke yi kamar igiyar guga. Saboda haka daga ƙasa ya ke fara tsagewa. Masana gini sun lasafta cewa idan aka ninka tsawon itace biyu, kaurinsa bai sāke ba, kayan da ke kan kowace ƙafa kuma bai sāke ba, to, lanƙwasarsa za ta ninka har sau 16. Mutum ya kan ce, ai ƙafa biyu kaɗai na ƙara wa ɗakin. Azara kuwa ba haka ta ke lissafi ba.

To, a ce an yi ginin daidai. Ga damina ta zo. Ruwan Maiduguri ba shi da yawa, kimanin inci 24 ne a shekara, amma kusan dukansa tsakanin Yuni da Satumba ya ke sauka, ya fi ƙarfi a Agusta, ya kuma tarad da rufin da zafin Afrilu ya riga ya tsattsage. Idan indararo ya toshe da ganyen darbejiya, ruwa ya kan kwanta. Ruwa mai zurfin inci ɗaya a kan ɗaki mai ƙafa 10 kowane gefe ya kai nauyin jarka tara cike. Ƙasar rufi ta sha, ta ƙara nauyi. Azara ta ɗan sunkuya. Da ta sunkuya sai aka sami kwari a tsakiyar rufi, ruwa na gaba kuwa can zai taru. Danshi ya bi ya sauka har kan azara inda ta shiga bango, wurin da ido ba ya gani, iska kuma ba ta kaiwa. Can ne ruɓa ke farawa. Tsakiyar azara tana nan da kyaun gani, mai gida yana kwance yana kallonta kowane dare, alhali kawunanta biyu sun zama gari.

Ga abin da ya fi ba mu tsoro a cikin al'amarin. Da kaka ta yi, mai gida ya hau ya ga kwarin nan. Hanya mai sauƙi ita ce ya kwaɓa ƙasa ya cike shi. Rufi ya daidaita a ido, maƙwabta suka yaba. Amma ƙasa mai kaurin inci 2 a kan ɗakin nan mai ƙafa 10 ta kai nauyin buhu bakwai na gero. Ya ɗora buhu bakwai a kan azarar da ta riga ta gaji, yana kiran abin gyara. Baɗi ya sāke yin haka. Shekara ta uku ko ta biyar, a tsakiyar dare cikin Agusta, ɗakin ya rufta. Mutane su ce, kwatsam ya faɗi. Ai ba kwatsam ba ne. Shekara biyar ya yi yana faɗuwa.

Kalmomin ayar

Aikin juyi ya kan tilasta wa mutum ya zauna a kan kalma ɗaya yini guda, wani lokaci kuwa a sami lada. A wannan aya akwai kalmomi huɗu da suka cancanci a dube su.

Kalmar da ta ke nufin ragwanci, a Ibrananci an ba ta siffar da a ke ba abubuwan da ke zuwa biyu biyu, kamar idanu, da kunnuwa, da hannuwa. Hausa ba ta da irin wannan siffa. Waɗansu malamai sun ce ana nufin ragwanci ninki biyu, waɗansu sun ce ana nufin ragayen hannuwa biyu, na dama da na hagu. Mu mun fi karkata ga na biyun, domin rabin ayar na ƙarshe ya ambaci hannuwa a fili, hannuwan da aka sake suna reto a gefen jiki. Mutumin ba mugu ba ne. Bai ɗauki gatari ya sare azara ba. Tsaye ya ke kawai, hannunsa a sake.

Kalmar itacen rufi kuwa a nan kaɗai ta fito da wannan siffa cikin dukan Tsohon Alkawari, amma 'yar'uwarta tana cikin Farawa 19:8, inda Lutu ya ke roƙon mutanen Saduma saboda baƙin da suka shiga ƙarƙashin rufinsa. A bakin Ba'ibrane, shiga inuwar azarar mutum shi ne shiga amanarsa. Wanda ya bar azararsa ta ruɓe, ba kansa kaɗai ya cuta ba. Akwai mata da 'ya'ya da baƙo da ke barci a ƙarƙashinta domin sun amince da shi.

Ta uku ita ce kalmar lotsawa. An more ta a Zabura 106:43 a kan Isra'ila sa'ad da laifinsu ya ƙasƙantad da su. Ba kalmar karyewa ba ce, ta sunkuyawa ce a hankali. Ta huɗu ita ce ta yoyo, ɗigo bayan ɗigo. Da ita Ayuba ya kwatanta idonsa a gaban Allah a 16:20, da ita kuma mai zabura ya kwatanta ransa a Zabura 119:28. Watau ana iya cewa gidan kuka ya ke yi. Duk wanda ya taɓa tashi da dare yana jera kwanuka a tsakar ɗaki, yana jan tabarmar yara daga wannan kusurwa zuwa waccan, ya san wannan kuka.

Da wa a ke?

Mun saba jin an ja wannan aya a kan samari masu barcin safe. Amma ku duba ayoyi biyu da ke gabanta. Mai-Wa'azi yana magana a kan ƙasa da sarkinta, da hakimai masu zama cin biki tun da sassafe, lokacin da ya kamata su zauna shari'a. Daga nan ya shiga zancen azara ba tare da ya ja numfashi ba. Gidan da ya ke nufi da fari shi ne ƙasa, ragayen kuwa shugabanninta ne. Idan muka kawo ayar cikin ikilisiya, to, kafin ta taɓa matasa sai ta fara taɓa fasto, da dattawa, da ma'aji, da shugabar zumuntar mata, da mu masu koyarwa. Idan muka kawo ta cikin gida, mai gida za ta fara tambaya.

Ya ku dattawa, ga irin yoyon da mu ke nufi. Iyali biyu sun daina gaisawa tun bara, kowa ya sani, ba wanda ya je. Wata gwauruwa ta bar zuwa sujada wata uku, aka ce ai tana nan lafiya. Littafin kuɗin baiko bai fito gaban jama'a ba shekara biyu. Wani mai gida ya bar addu'ar iyali, da fari domin tafiya, daga baya domin gajiya, yanzu ba domin kome ba. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da zai rushe ikilisiya a mako guda, shi ya sa a ke barinsu. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mu kan yi ta zagin ƙadangare, tsagar kuwa tamu ce.

Sa'an nan mu kan yi irin gyaran mai gidan nan na ɗazu. Mun ga sanyi ya shiga jama'a, sai mu ƙara taro, mu ƙara doka, mu ƙara karɓar kuɗi, mu kira babban taron farkawa da lasifika. Ga ido, kwari ya cike. Amma a kan wa aka zuba wannan ƙasa? A kan mutum biyar ko shida ɗin nan da suka riga suna ɗauke da kome, su ne masu shara, su ne masu waƙa, su ne masu ziyarar asibiti. Ubangijinmu ya tsauta wa malaman Attaura a Matta 23:4 saboda ɗaura wa mutane kaya masu nauyi, Bitrus kuma ya yi irin wannan gargaɗi a taron Urushalima, a Ayyukan Manzanni 15:10. Ezekiyel a sura ta 13 ya yi magana a kan masu shafa farar ƙasa a bangon da ba shi da ƙarfi, ya kuma faɗi abin da ruwa da ƙanƙara da iska za su yi masa. A karanta wannan a gida.

Itacen da ba ya ɗauke da kome

Yawancin majami'unmu da ɗakunan ajiyarmu a yau ba soro ba ne, kwano ne a kan katako. Garin nan kansa ba tsoho ba ne in aka gwada shi da Kano ko Katsina; a 1907 ne Shehu Abubakar Garbai ya zauna a Yerwa, jirgin ƙasa kuma ya iso a 1964. Da gari ya bunƙasa, kwano da katakon kudu suka yawaita, kafinta ya karɓi rabin aikin magini. Rufin kafinta yana da tasa hikima, da tasa cuta.

Ku ɗaga ido a majami'ar da ba a sa mata silin ba. Za ku ga katako uku uku an haɗa su: biyu sun jingina da juna suna haɗuwa a ƙololuwa, na uku yana kwance a ƙarƙashinsu daga bango zuwa bango. Biyun nan na sama kowa ya ga aikinsu, gama su ke ɗauke da kwano. Na kwancen fa? Ba abin da ke kansa sai ƙura, da wayar lantarki, wani lokaci da fanka. Amma ku sa yara biyu su jingina da juna kafaɗa da kafaɗa a kan daɓe mai santsi, za ku ga ƙafafunsu suna zamewa waje. Haka katakon nan biyu su ke tura bango waje dare da rana. Na kwancen shi ne ke riƙe da ƙafafunsu. Ja ya ke sha, ba danni ba, shi ya sa ba a ganin wahalarsa. Ran da ƙusoshin da ke bakinsa suka yi tsatsa, ko gara ta cinye mahaɗin, ƙololuwar rufi za ta sunkuya kamar bayan tsohon jaki, bango kuma ya fara buɗewa daga sama.

A Ingila akwai manyan rumbunan katako da suka daɗe ƙwarai. Na Harmondsworth, kusa da filin jirgin saman Landan, an gina shi wajen 1426, tsawonsa ya kai ƙafa 190, yana nan tsaye har yau. A Amurka kuwa, a ƙarshen ƙarni na 19, aka ƙago wata na'ura mai bin dogo a ƙarƙashin ƙololuwar rumbu tana ɗaukar ciyawa. Katakon nan na kwance ya tare mata hanya. Manoma da yawa suka dube shi, suka ga ba ya ɗauke da kome, suka sa zarto. Ranar ba abin da ya faru. Bayan shekaru ne rumbunan suka fara buɗewa, jikokinsu kuwa su ne suka gāji ɗaure bango da igiyar ƙarfe.

Marubucin 2 Tarihi ya san wannan itace. A shekara ta 18 ta sarautar Yosiya, wajen shekara 622 kafin haihuwar Almasihu, aka ba kafintoci da magina kuɗi domin gyaran Haikali. Aya ta 11 ta sura ta 34 ta rarrabe abin da aka saya: sassaƙaƙƙun duwatsu, da itacen azara, da wani itace dabam wanda sunansa a Ibrananci ya fito daga kalmar haɗawa, tushe ɗaya da kalmar aboki. Ayar ta kuma ce sarakunan Yahuza ne suka bar gine-ginen suka lalace. Ba Masarawa ba ne, ba Assuriyawa ba ne, masu gidan ne.

A kowace ikilisiya akwai mutanen da aikinsu ke nan. Tsohuwar da ke shiga gidan wannan ta shiga gidan wancan, ta san wanda ya yi fushi da wanda ba shi da abin dafawa. Dattijon da ke jin Margi da Bura da Hausa, ya kan zauna tsakanin mutanen Gwoza da na Biu sa'ad da magana ta yi zafi. Ba su hawa bagade, ba a karanta sunansu a rahoton shekara. A garin da ikilisiya ɗaya ta kan tara kabila goma a ƙarƙashin kwano ɗaya, ƙarfin da ke tura bango waje ba ƙarami ba ne. Sabon shugaba mai hanzari ya kan zo da shirye-shiryensa, ya ga tsohuwar nan tana tare masa hanya, ya ture ta gefe. Ranar ba abin da zai faru. Bulus ya san darajar irin waɗannan sa'ad da ya yi zancen gaɓoɓi da mahaɗai a Afisawa 4:16 da Kolosiyawa 2:19.

A taƙaice mu ƙara da iska. Hadarin farkon damina ba danne rufin kwano ya ke yi ba, ɗaga shi ya ke yi. Kafinta mai gaskiya ya kan ɗaure katako da bango da langalanga, ya shafe shi da baƙin mai saboda gara. Mai son araha ya kan bar waɗannan biyu, gama ba wanda zai hau ya duba.

Ba kowane rufi ne ragwanci ya kayar ba

A nan dole mu yi hankali da bakinmu, domin akwai waɗanda ke zaune cikin ajin nan da raunin da bai warke ba. A daren 9 ga Satumba 2024, wayewar 10 ga wata, madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, kogin Ngadda ya shiga gari, shekara 30 bayan ambaliyar 1994. Ruwa ya shiga Gwange, ya shiga babbar kasuwa, ya kai har fadar Shehu. Dubban ɗaruruwan mutane, Musulmi da Kirista, suka bar gidajensu. Bangon da ya kwana a ruwa gindinsa ya kan jiƙe ya saki, rufi mai kyau kuma ya bi shi ƙasa. A 2006 da 2009 an ƙone majami'u a garin nan. A 2014 mutanen Gwoza da Bama da garuruwa da yawa suka gudo, suka bar rumbunansu cike, gara da damina suka gāje su. Wanda ya buɗe Mai-Wa'azi 10:18 a gaban irin waɗannan mutane domin ya tuhume su, ya zama ɗaya daga cikin abokan Ayuba. Ku tuna iska ce daga jeji ta rushe gida a kan 'ya'yan Ayuba, Allah kuwa ya shaidi uban nasu. Ku tuna kuma da mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa, da amsar da Yesu ya bayar a Luka 13:4-5. Ayarmu madubi ce da mutum zai duba gidansa da ita. Ba a ba mu ita domin leƙen gidan maƙwabci ba.

Akwai kuma kuskure na ɗaya gefen. Mai arzikin nan na Luka 12 ba rago ba ne ko kaɗan. Rumbunansa ba su yoyo, rushe su ya yi da ƙarfinsu domin ya gina manya. Allah kuwa ya kira shi wawa. Kada wani ya fita daga ajin nan yana tsammani sabon kwano shi ne ibada.

Akwatin Yehoyada

Labarin 2 Sarakuna 12 ya kamata kowane kwamitin gini ya haddace shi. Sarki Yehowash ya umarci firistoci su karɓi kuɗi su gyara duk inda Haikali ya tsage. Har shekara ta 23 ta sarautarsa ba a gyara kome ba. Littafin bai ce sun yi sata ba. Kuɗi yana shigowa, bukatun yau da kullum suna cinye shi, tsaga tana nan tana jira, gama tsaga ba ta da baki. Abin da sarki da Yehoyada firist suka yi ba wa'azi ba ne. Sun ɗauki akwati, suka huda murfinsa, suka ajiye shi inda kowa ke gani. In ya cika, mutum biyu ne ke ƙirgawa, magatakardan sarki da babban firist, sa'an nan a miƙa wa masu lura da aiki, su kuma su biya kafintoci da magina. An kuma hana a taɓa kuɗin domin sayen tasoshin azurfa da ƙahoni, sai gyara kaɗai. Mun san ikilisiyoyin da suka sayi sababbin kayan kiɗa suna kaɗa su a ƙarƙashin katakon da gara ta cinye.

Waɗansu su kan kama aya ta 15, inda aka ce ba a nemi lissafi daga hannun masu biyan ma'aikata ba saboda amincinsu, su ce ashe neman lissafi rashin bangaskiya ne. Mu ba mu yarda da wannan fassara ba. An amince da su a ƙarshen hanya domin an ƙirga kuɗin a gaban shaidu a farkonta. Bulus ma, da ya ke ɗauke da gudummawar ikilisiyoyi zuwa Urushalima, bai yarda ya tafi shi kaɗai ba. A duba 2 Korantiyawa 8:18-21.

Yadda a ke gyara kuwa, magini ya san jerinsa. Ba ya fara da zare ruɓaɓɓiyar azara, in ya yi haka rufin a kansa zai sauka. Da fari ya kan fitad da masu barci a ɗakin. Sa'an nan ya kafa tokara daga ƙasa ta karɓi nauyin. Sa'an nan ya hau ya kwashe ƙasar da aka yi ta tulawa shekara da shekaru. Bayan wannan ne ya ke tone bango ya ga iyakar ruɓar, ya canja abin da ya mutu, ya bar abin da ke da rai, gama azara mai kyau tsada gare ta. Da rani a ke yin wannan aiki, tun sama tana fari. Haka Galatiyawa 6:1-2 ta tsara maido da ɗan'uwan da aka kama da laifi: a yi shi da tawali'u, mai gyara yana lura da kansa, waɗansu kuma suna tallafe da nauyin. Mun sha ganin an fara da horo a gaban jama'a, ba tokara, ba rage kaya, mutumin ya karye, iyalinsa suka bi shi waje. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, hannu ɗaya kuma ba ya sauke ta lafiya.

Domin tattaunawa

Shugaban aji ya raba mutane uku uku ko huɗu huɗu. Kowane rukuni ya nemi amsar waɗannan, ba tare da kiran sunan kowa ba. Wane yoyo ne a ikilisiyarmu muka saba da shi har muka ajiye masa kwano na musamman? A cikin shirye-shiryen da muka ƙara a shekara biyu da suka wuce, wanne ne gyara, wanne ne ƙarin ƙasa, a kan wa kuma nauyin ya sauka? Su wane ne ke riƙe da bangayenmu, yaushe rabon da wani ya je ya gaishe su? Iyalan da ruwan 2024 ya rushe wa ɗaki, akwai wanda har yanzu bai rufa nasa ba a cikinmu?

Muna kuma roƙon dattawa su nemi tsani da tocila a cikin makon nan, su tafi da kafinta, su hau su duba katakon majami'a da na ɗakin ajiya, musamman inda ya shiga bango. A soka shi da tsinin wuƙa. In wuƙa ta shige da sauƙi, ko gari ya zubo, a kawo rahoto ranar Lahadi. Karatun mako mai zuwa shi ne Haggai sura ta 1 da Habakuk 2:9-11.